Reshen Inabin Alhaji Haladu

Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa Alhaji Haladu ya daina bi ta ƙofar shagona, sai ya zagaya ta bayan makaranta in zai tafi masallaci, to ku gyara zama in faɗa muku gaba ɗaya, don na gaji da ba da labarin nan guntu-guntu. Ni Lawandi tela a gabana aka yi komai. Wani abin ma ba da ido kaɗai na shaida shi ba, har da hanci.

Alhaji Haladu dai tsohon ɗan kasuwar hatsi ne a unguwarmu, kuma yana da inabi a tsakar gidansa. Ba irin inabin nan na tasha ba, wanda in ka jefa a baki sai idonka ɗaya ya rufe don tsami. Wannan baƙi ne wuluk, kowane ɗa ya kai kan babban yatsa, zaƙinsa kuwa har maƙogwaro. Rumfarsa ta rufe rabin tsakar gidan. Mahaifinsa ne ya taho da reshen daga hanyar Makka, zamanin da ake wata da watanni a hanya, a naɗe cikin tsumma, yana jiƙa shi da ruwan da ya kamata ya sha. In Alhaji yana ba da labarin nan har ƙwalla take cika masa ido, kuma a nan kam ba zan ce ƙarya yake yi ba. Yana son itacen nan tsakaninsa da Allah.

'Ya'yan ma ba ya rowarsu sosai. In inabi ya nuna, kowane gida sai an kai masa ɗan nonon inabi guda a faranti, shi kuma ya zauna a ƙofar gida yana karɓar yabo. Abu ɗaya ne ransa ba zai ɗauka ba. A ce Alhaji Haladu mai inabi, sannan a juya a nuna wani a ce shi ma mai inabi? Ina! Ƙwallon kuwa in ka shuka, ko ya fito, tsami zai ba ka. Kowa ya san irin wannan sai da reshe.

To ga inda matsalar take. A garinmu ba a hana reshe. Zogale ne, shuwaka ce, lalle ne, rumman ne, in maƙwabci ya ce sam mini in dasa, wuƙa kawai za ka ɗauko. Rabin cediyoyin unguwar nan daga ƙofar gidan mai unguwa aka saro su. Wanda ya hana reshe kuwa, har jikokinsa sai an yi musu gori da shi. Saboda haka Alhaji bai taɓa hana kowa ba. In ka roƙa, sai ya washe baki ya ce, "Haba, don wannan? Ka zo gobe da hantsi." Gobe in ka je, sai ya fito da reshe mai kyau, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya miƙo maka da hannu biyu, ya bi ka da addu'a har sai ka ji kunyar tafiya.

Sai dai ba wanda nasa ya taɓa kamawa. Ko mutum ɗaya. Ni kaina sau biyu na karɓo. Na haƙa rami, na zuba taki, na kewaye da ƙaya saboda awaki, ina ba shi ruwa safe da yamma. Na biyun kwana arba'in cur ina yi masa hidima, har matata ta fara tambayata ko za a yanka rago a raɗa masa suna. A ƙarshe na tuge shi, ba saiwa ko guda, na jefa a murhu.

In ka koma wa Alhaji da labari, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Assha! Ai inabin nan zaɓen hannu gare shi. Ba kowane hannu yake karɓa ba." Mu kuma muka yarda, kowa ya koma gida yana duban tafin hannunsa.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Malam Sallau, wanda katanga ɗaya ce ta raba lambunsa da gidan Alhaji. Malam Sallau tsohon malamin gona ne, shekara talatin yana yawo a ƙauyuka a kan babur yana koya wa manoma dashe. Mutumin da in ya soka muciya a ƙasa sai ka ji tsoron kada ta yi ganye. Shi ya koya wa rabin ƙasar nan yadda ake jera karan rogo, shi ya cika asibitin garinmu da furanni daga 'yan rassan da ya tsinto a bola. Ba shi da yawan magana, ba shi da faɗa, abin alfaharinsa a duniya hannunsa ne kawai.

Sau shida ya karɓi reshen Alhaji, shekara shida a jere. Ya gwada a yashi, ya gwada a taki da yashi, ya gwada a leda, ya gwada a fasasshiyar tukunya a ƙarƙashin inuwa. Ya dasa da damina, ya dasa da sanyi. Ya shafa wa gindin zuma, ya shafa toka. Har littafi yake da shi da yake rubuta ranar da ya dasa da ranar da ya haƙura. Ko ido ɗaya na jikin reshen, inda toho yake fitowa, bai taɓa kumbura ba.

Majalisarmu kuwa, wadda ke zama a kan benci biyu a ƙofar shagona bayan la'asar, ba ta da imani. Ɗanjummai direba, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya laƙaba masa suna Malam Bai-Kama-Ba. In Malam ya taho sai ya ce, "A ba shi wuri, amma kada ya taɓa bencin, sabon katako ne, kada ya bushe." A yi ta dariya. Alhaji shi ma yakan saka baki a hankali, ya ce, "Ku bar Malam, ilimin takarda daban, hannu daban." Malam sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Har mutanen ƙauye da suke zuwa neman shawara suka fara raguwa, don labari ya kai musu.

A shekara ta bakwai, ranar da Alhaji yake yi wa inabinsa aski, wato datse rassan da ake yi don ya yi sabon toho, Malam Sallau ya sake zuwa ya karɓo. Da hantsi sai ga shi a shagona da tsumma a hannu, fuskarsa wani iri.

Ya ce, "Lawandi, tsayar da keken nan."

Na tsayar.

Ya warware tsumman ya miƙo mini reshen. "Shinshina."

Na shinshina. Na dube shi, na sake shinshinawa. Na ce, "Malam, ni dai daddawa nake ji."

"Ƙara dai."

"Har da man shanu. Da ɗan yaji-yaji."

Sai ya nuna mini wani ɗan farin abu da ya maƙale a gefen idon reshen. Wallahi ƙwayar kuɓewa ce. Ya sa farce ya kankare ɓawon. Maimakon kore shar da ake gani a ɗanyen reshe, sai ɓawon ya saɓule kamar na dafaffen dankali, cikin ya yi ruwan ƙasa. Ya kankare sama, ya kankare ƙasa, duk ɗaya.

Ya ce a hankali, "Dafaffe ne, Lawandi."

Daga baya ne Hajiya Marka, matar Alhaji, ta fesa wa matata yadda aka yi. Ashe duk shekarun nan, in an roƙi reshe, Alhaji da kansa yake kwantar da shi a daro, ya kwarara masa tafasasshen ruwa daga buta, ya tsoma shi a ruwan randa ya huce, sannan ya naɗe a tsumma ya fito yana addu'a. Shi ya sa kullum sai gobe da hantsi. Ran nan yana saurin zuwa ɗaurin aure, sai ya bar wa Hajiya aikin. Ita kuma murhu ɗaya ta hura, miya ce a kai, ga shi dama ta gaji da wannan ɗabi'a. Sai ta tsoma wannan gefen a tukunyar miya, ta juya ta tsoma wancan, ta ɗauraye sama-sama ta naɗe.

Amma a lokacin ban san wannan ba, abin da na sani kawai shi ne raina ya ɓaci. Na miƙe da almakashi a hannu ina cewa, "Kwana arba'in! Kwana arba'in ina ɗaukar bokiti ina shayar da dafaffen icce! Yau sai unguwar nan ta ji!"

Malam ya riƙe mini riga. Ya ce, "Zauna. In ka fita ka yi ihu, zai ce sharri ne, wanda ya kasa dashe ne yake neman abin fakewa. Wa zai yarda da Malam Bai-Kama-Ba?"

Na zauna ina huci, don gaskiya ya faɗa.

Da yamma na bi shi lambunsa, muna zaune a bakin kwatar ruwa, dafaffen reshen yana ajiye a tsakaninmu. Ta bayan katanga muna jin ƙarar almakashin Alhaji, ya dawo daga ɗaurin aure ya ci gaba da aski. Al'adarsa ce duk reshen da ya datse sai ya yayyanka shi gajere-gajere, ya tara, ya cinna wuta, ya tsaya a kai har ya zama toka. Ko tsinke ba ya bari ya fita daga gidan.

Malam yana da wani jan zakara marar kunya. Zakaran nan ya tashi fir ya hau katanga, ya taka ya hau rumfar inabin Alhaji, ya buɗe fukafukai ya yi cara. Sai muka ji Alhaji ya kurma ihu, "Kai! Ɗan banzan zakara! Sauka!" Sai wani abu ya taho fiu ta saman katanga. Bai sami zakara ba. A cikin lakar da ke gabanmu ya caku.

Malam ya miƙa hannu ya zaro shi. Reshe ne, kaurin yatsa, ido huɗu. Ya sa farce ya kankare. Kore shar, har da ɗan ruwa-ruwa. Ya dube ni, na dube shi.

Kafin mu yi numfashi na biyu sai sallama a ƙofar lambu. Malam ya zura ɗanyen a hannun rigarsa, ya ɗauki dafaffen ya mirgina shi cikin laka. Alhaji ya faɗo ciki ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, yana haki.

"Malam, wani ɗan kara nawa ya faɗo nan yanzu."

"Ga shi, Alhaji. Cikin laka ya faɗa."

Alhaji ya fizge, ya damƙe shi gam, sannan ya tuna da kansa ya yi 'yar dariya. "Ba wani abu ba ne, ka san ba na son in zuba wa maƙwabci shara. Na safe fa, ka dasa?"

"Yanzu nake shirin dasawa, in sha Allahu."

"To Allah ya sa a dace wannan karon," in ji Alhaji, ya fita yana ɗingishi.

Da ya yi nisa na ce, "Malam, anya wannan ba sata ba ce?"

Ya ce, "Reshe nawa ya ba ni da safe, da bakinsa, da addu'arsa?"

"Ɗaya."

"Nawa ne a hannuna yanzu?"

"Ɗaya."

"To ɗauko mini tukunyar can."

A can ƙarshen lambu ya dasa shi, bayan ayaba, inda ko an leƙo ta katanga ba za a gani ba. Sannan ya sa ni na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, har matata, sai ranar da ya sake ni da kansa. Ya ce malamin gona ba ya jayayya da baki, sai da abin da zai ɗora a faranti.

Ku da kuka san ni kun san wannan rantsuwa ta fi ƙarfina. Ni da ko farashin zare ya tashi sai unguwa ta ji. Kullum Ɗanjummai yana tsokanar Malam, Alhaji yana zaune yana gyaɗa kai yana zancen hannu, ni kuwa ina cizon zare har ya tsinke. Akwai ranar da maganar ta zo mini har kan harshe, sai na cusa guntun yadi a baki na yi kamar tari nake. Wallahi na rame.

Sati uku da dasawa Malam ya aiko a kira ni. Na tarar da shi zaune a ƙasa dirshan gaban tukunyar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ido biyu sun fashe, ga ɗan ganye mai taushi ya leƙo. Can ya ce, "Shekara shida, Lawandi. Har na fara yarda cewa ni ne." Muryarsa ta karye, ni ma sai da na juya na share ido, na ce hayaƙi ne, alhali ba wuta a wurin.

Shekara biyu inabin yana girma a ɓoye. Malam ya yi masa 'yar rumfa, yana yi masa aski, yana lallaɓa shi. A shekara ta biyu ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya.

Ana nan sai gara ta shiga gindin inabin Alhaji. Ganye ya fara yaushi ta gefe ɗaya. Mai hankali da sai ya leƙa katanga ya ce Malam zo ka gani, don maganin gara a wurin Malam Sallau ba komai ba ne. Amma da wane baki Alhaji zai nemi shawarar mutumin da ya shekara takwas yana cewa hannunsa ba kyau? Sai ya tafi wurin wani bakanike abokinsa, wanda ya ce masa ai su baƙin mai suke shafa wa katakon rufi, gara ko kusa ba ta zuwa. Alhaji ya ce madalla. Ya tone gindin itacen, ya juye masa jarka guda ta baƙin mai, ya bi da kalanzir don ya tabbata.

Gara kam ta mutu, ba a yi masa ƙarya ba. Kwana goma inabin ya bi ta. Ganyen da ya rage ya zube, rassan suka bushe ƙamas. Ga shi sati ɗaya kafin nan ya rage masa rassa, ya ƙone su ƙurmus kamar yadda ya saba. Ya dinga bin itacen da farce yana kankarewa, daga sama har ƙasa, yana neman kore ko da kaɗan ne. Babu.

To a nan, duk haushin da nake ji, sai da na tausaya masa. Dattijon nan ya daina fitowa majalisa. Hajiya Marka ta ce sai ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin busasshiyar rumfar, rana tana dukansa, ya ƙi tashi, ya ƙi abinci. Abin da yake maimaitawa kawai shi ne, "Baba ya kawo shi daga Makka da ruwan shansa, ni na kashe shi da hannuna." Mutanen unguwa suka fara zuwa jaje kamar an yi rasuwa.

Mu 'yan majalisa ranar Juma'a muka je, bayan an sauko daga masallaci. Muka cika zauren, ana ta Allah ya mayar da alheri, Alhaji yana amsawa da ƙyar. Sai ga Malam Sallau ya shigo daga ƙarshe da kwano rufe da faifai. Ya gaisa, ya yi jaje, ya tura kwanon gaban Alhaji.

"Ga ɗan abin taɓawa, Alhaji. An ce ba ka cin abinci."

Alhaji ya ɗaga faifan. Inabi ne nono uku, baƙi wuluk, manya-manya. Ya tsinki ɗaya, ya sa a baki, ya rufe ido. Sai hawaye. Ya buɗe ido ya ce, "Wannan na Baba ne. Ko a mafarki na san shi. Malam, ina ka samo?"

"A lambuna. Ai kai ka ba ni reshen, Alhaji. Ka manta? Sau bakwai ka ba ni."

Alhaji ya zabura har kwanon ya kusa kifewa. "Ba zai yiwu ba!"

Malam ya karkata kai. "Me ya sa ba zai yiwu ba, Alhaji?"

Jama'a, da kun ga bakin Alhaji! Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya dubi rufin zaure, ya dubi ƙasa, ya dubi carbinsa. Mutum goma sha biyu suna jiran amsa. Can ya ce da ƙaramar murya, "A'a, ina nufin, ikon Allah. Ikon Allah ne kawai."

Ɗanjummai kuwa tuni ya cika baki da inabi, yana cewa ai shi dama ya san Malam ba ƙaramin mutum ba ne, wasa ne kawai yake yi masa.

Ranar, in ji matata, Hajiya Marka ta sha faɗa. Alhaji ya shiga gida yana cewa ita ce ba ta bari ruwa ya yi zafi sosai ba, ga shi yanzu an sami mai inabi na biyu a unguwa. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "To Alhaji, in da ya yi zafi sosai, yau ina za ka samo na Baba?" Sai ya juya ya fita. Kun ga har lokacin bai san an gano shi ba. A tunaninsa wani reshe ne mai taurin rai ya tsallake.

Kwana uku yana kai-kawo a ƙofar shagona. Ya kawo wando a rage masa tsawo, ya dawo a ƙara masa. A na uku ya jira har kowa ya watse, ya matso ya ce, "Lawandi, kai da kake kusa da Malam, a ganinka in na nemi ɗan reshe zai ba ni?"

Na ce, "Haba Alhaji, a garin nan ana hana reshe? Kai ma ai ba ka taɓa hana kowa ba."

Sai tari ya sarƙe shi.

Washegari bayan la'asar ya zo majalisa da babbar riga, ya zauna kusa da Malam, ya yi gyaran murya ya fi sau biyar. Ya fara da tarihin maƙwabtaka, ya bi ta kan haƙƙin Musulmi a kan Musulmi, ya sauko kan mahaifinsa da hanyar Makka, sannan ya ce, "Malam, don Allah, don darajar iyaye, ka sam mini reshe ɗaya in mayar a gurbinsa. In na mutu ban mayar da itacen nan ba, ban san da wane ido zan dubi Baba ba." Wannan karon ba wasa a muryarsa, kowa ya ji.

Malam Sallau ya washe baki ya ce, "Haba, don wannan? Ka zo gobe da hantsi."

Ni kuwa allura ta soke ni a yatsa, ban ma ji zafi ba.

Gobe da hantsi ba Alhaji kaɗai ya je ba. Majalisa gaba ɗaya ta kwashe ta bi shi, har da mai unguwa, don kowa yana son ganin inabin da aka ɓoye shekara biyu. Ni na rufe shago da ɗinkin mutane a ciki. Malam ya shimfiɗa tabarmi a inuwar ayaba, ya ba Alhaji kujera. Ina jin ƙamshin hayaƙin icce yana tasowa daga madafin gidan Malam, na ce a raina to, har da shayi za a ba mu.

Alhaji yana ganin rumfar ya miƙe tsaye. Ya je ya shafa ganyen, ya shafa jikin itacen, leɓensa yana motsi. Da ƙyar mai unguwa ya zaunar da shi.

Malam ya ɗauko wuƙarsa ya wasa a dutse, ba gaggawa. Ya zaga itacen sau biyu yana dubawa, sannan ya kama wani reshe ya juyo ga jama'a, malantarsa ta gona ta motsa.

"Ku duba nan. Ba ɗanye sharaf ake yanka ba, ba kuma tsoho tukuf ba. Wanda ɓawonsa ya fara ja, kaurin yatsa. A ƙirga ido huɗu. Ƙasa a yanka dab da ido, sama a bar ɗan tazara a yanka a karkace, don kada mutum ya manta ya dasa shi kai a ƙasa. Ido biyu a cikin ƙasa, biyu a waje. Yashi da ruɓaɓɓen taki, inuwa, ruwa kaɗan-kaɗan. Shi ke nan. Ba ruwansa da hannun kowa."

Ya sa wuƙa ƙyat. Ya kankare gefen da farce ya ɗaga sama kowa ya gani, kore shar. Ya zaga da shi gaban mai unguwa, gaban Ɗanjummai, gabana. Sannan ya dawo ya zauna a gaban Alhaji, ya ɗora reshen a cinyarsa, ya harɗe hannu.

Alhaji ya miƙo hannu biyu. Malam bai motsa ba, sai waiwayen ƙofar gida yake yi. Hannun Alhaji yana nan a miƙe, gumi yana bin gefen hularsa. Ya dubi reshen, ya dubi Malam, ya yi 'yar dariyar yaƙe.

"To Malam, miƙo mana. Me kuma muke jira?"

Malam Sallau ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji. Ruwan ne bai tafasa ba tukuna."